Karen Labrador ba ragon layya ba ne

Idan kana leƙa shafukan masu sayar da karnukan waje a Facebook ko a zaurukan WhatsApp, ka san yadda tallar take. A sa hoton Labrador ɓul-ɓul, wuya ya haɗe da kafaɗa, baya shimfiɗe kamar tebur, a rubuta a ƙasa cewa lafiyayye ne, yana samun kulawa. Masu sharhi su yi ta zuba yabo. To ɗauko hoton karen wani mafarauci daga Fagam ko wani ƙauye na ƙasar Gwaram ka ajiye kusa da shi: siriri, ƙugu a tsuke, ciki a ɗage, in ya juya har ka hangi inuwar haƙarƙarinsa na ƙarshe. Nan take za ka ji an ce wannan kam yunwa ta gama da shi, mai shi ba shi da tausayi.

Wannan hukuncin nake ƙalubalanta, mai karatu. A mafi yawan lokuta a juye yake. Cikin karnukan nan biyu, wanda ake yabo shi ne ya fi kusa da ciwon gaɓɓai da gajeriyar rayuwa, kuma akwai bincike mai ƙwari da ya nuna haka a kan wannan jinsin na Labrador ɗin kansa.

Ba laifin ido ba ne shi kaɗai, laifin makarantar da ya yi ne. Idonmu na duba dabba a kara ya yi karatu. Wanda ya taso yana ganin kiwon turke ya san tsarin: a sayi rago ramamme, a ɗaure shi, a yi ta dura masa dusa da harawa da ƙowa na wata uku ko huɗu, gab da Babbar Salla a kai shi Wudil ko Maigatari ko kasuwar Sara. Mai saye ya dafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya, in ya ji kitse ya ƙara kuɗi. Wannan lissafi daidai yake ga rago, tunda kitsen ake saye, kuma ragon ba zai ɗauki nauyin nan ya kai shekara ba, ranar Salla zancen ya ƙare. Shi kuwa kare da jikin nan zai zauna shekara goma ko sha biyu. Gwiwoyinsa da kwatangwalonsa su ne za su yi dakon kowane kilo, safe da yamma. Haɗa da yadda muke kallon teɓa ko a jikin mutum a matsayin alamar hutu da wadata, sai ka ga dalilin da mai gida yake jin kunya baƙo ya ga karensa na tsada babu tsoka a wuya. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan kare dai, idon nan yana yawan zarce kimar.

Bari mu fara sanin wane ne wannan kare. Sunan da Turawa suke kiran dangin nan da shi, wato Retriever, ma'anarsa mai ɗaukowa. Aikinsu shi ne idan maharbi ya harbo agwagwar ruwa ko wani tsuntsu ya faɗa tafki ko cikin ciyawa, karen ya ruga ko ya yi iyo ya ɗauko shi a baki ba tare da ya tauna ba. Kakannin Labrador karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, inda suke faɗawa ruwa mai tsananin sanyi suna taya jan igiya da koma. A ƙarni na 19 aka kai su Ingila, masu farauta suka ci gaba da kiwonsu, kuma ƙungiyar masu karnuka ta Birtaniya ta yi wa jinsin rajista a 1903. Ɗan'uwansa mai dogon gashi ruwan zinariya, Golden Retriever, a Sikotilan aka samar da shi, a gandun wani attajiri da ake kira Lord Tweedmouth, daga shekarar 1868. Kenan asalinsu ma'aikata ne, 'yan gudu da iyo. Jikin da aka gina don wannan aiki yana da faɗin ƙirji da ƙarfin cinya, amma yana da ƙugu.

To daga ina siffar nan ta buhun gero ta fito? Wani ɓangare daga wajen masu gasar nuna karnuka. A hankali jinsin Labrador ya rabu gida biyu: na aiki, waɗanda suka fi tsawon ƙafa da sauƙin jiki, da na gasa, masu faɗin kai da kaurin jiki. Kaurin ƙashi ba laifi ba ne. Matsalar ita ce alƙalan gasa sun saba da ganin kitse har ya zame musu kamar wani ɓangare na siffar jinsin. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Liverpool suka tattara hotuna fiye da 1,000 na karnukan da suka zo na ɗaya zuwa na biyar a gasar Crufts, wadda ake yi a birnin Birmingham kuma take cikin manyan gasannin karnuka na duniya. Suka auna yanayin jikinsu daga hotunan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan karnukan sun wuce ƙima. A cikin 'yan Labrador kuwa, fiye da kashi 60 cikin 100. Awo daga hoto bai kai a taɓa kare da hannu ba, wannan gaskiya ne, to amma ka tuna waɗannan su ne zakarun da ake buga hotonsu a buhun abinci da kalanda da intanet. Mai kiwo a Kano ko Kaduna ko Jos da ya buɗe wayarsa don ya ga yadda Labrador na ƙwarai yake, abin da zai gani kenan, shi kuma zai kwaikwaya. Mun shigo da karen, mun shigo da kuskuren masu shi, muka ɗora a kan namu na kara.

Yanzu ga binciken da ya fi kowane nauyi a wannan magana. Wani masani mai suna Richard Kealy da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki 'yan kwikwiyon Labrador 48. Suka haɗa su bibbiyu, kowane biyu 'yan ciki ɗaya, jinsi ɗaya, nauyi kusan ɗaya. Tun suna da mako takwas, ɗaya daga cikin kowane biyun ana ba shi abinci ƙasa da na ɗan'uwansa da kashi 25 cikin 100. Abinci iri ɗaya ne, wurin kwana ɗaya, kulawar likita ɗaya. Bambancin kawai yawan abin da ke cikin kwano. Aka bi su har ƙarshen rayuwarsu, aka wallafa sakamakon a 2002.

Waɗanda aka rage wa abinci, matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai shekara 13. 'Yan'uwansu kuwa shekara 11.2. Kusan shekara biyu kenan, ga dabbar da duka-duka rayuwarta ba ta cika wuce sha uku ba. Bayan tsawon rai, akwai ingancinsa. Amosanin gaɓɓai, wato lalacewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, wanda ke sa tsohon kare ya kasa tashi da safe, ya riga bayyana a jikin masu cin da yawa, har suka fara buƙatar maganinsa kimanin shekara uku kafin 'yan'uwansu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, karnukan da ake kira masu cin da yawa ɗin nan ba wasu tulu ba ne. Da suka girma ma an ƙayyade musu abinci don kada su yi mummunar ƙiba. Jikinsu irin wanda za ka gani ka ce ma sha Allahu, kare ya yi kyau. Wannan ɗan ƙarin da ido ke so, shi ne ya ci shekara biyun.

Binciken yana da inda za a soke shi, kuma ya kamata a faɗa. Kamfanin Purina mai sayar da abincin karnuka ne ya ɗauki nauyinsa, a gidan karnukansa aka yi, karnuka 48 kuma ba su da yawa. Sai dai ka lura, sakamakon cewa yake a rage ci, abin da ba ya ƙara wa mai sayar da abinci ciniki. Kuma tsarin haɗa 'yan ciki ɗaya ya toshe babbar kafar da ake samu a irin wannan aiki, ta cewa wataƙila gado ne ya bambanta su. Daga baya wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya duba bayanan asibiti na karnukan gida kusan 50,000 daga jinsi 12 a Amurka, ya ga abu ɗaya: a kowane jinsi, masu ƙiba sun riga mutuwa.

Mai Labrador zai ce, to ai malam, ba ka san karen nan ba ne, kullum cikin yunwa yake, ko yanzu ya gama ci in ya ga kana tauna zai zo ya zauna ya kafa maka ido. Gaskiyarsa. Wannan ma an gano dalilinsa, ko in ce wani ɓangare na dalilin. A 2016 Eleanor Raffan, likitar dabbobi a Jami'ar Cambridge, da tawagarta suka binciki ƙwayoyin gadon 'yan Labrador. Akwai wata ƙwayar gado da ake kira POMC. Ita ke ɗauke da umarnin haɗa wasu sinadarai da ke aiki a ƙwaƙwalwa, masu daidaita yunwa da yadda jiki ke ƙona abin da aka ci. Ka ɗauke ta kamar wasiƙa ce da jiki ke karantawa. A wasu karnukan sai aka tarar haruffa 14 sun ɓace daga tsakiyar wasiƙar, don haka ƙarshen saƙon ba ya karantuwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Labrador suna ɗauke da wannan giɓi. Wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya, uwa ko uba, yakan fi sauran nauyi da kusan kilo 2, wanda ya gada daga duka biyun kuma ninkin haka.

Wani abin mamaki, a cikin 'yan Labrador da ake horarwa don yi wa makafi jagora da taimakon masu buƙata ta musamman, kusan uku cikin huɗu suna da giɓin. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne, karen da abinci ya fi ruɗa ya fi saurin koyon darasi in ana ba shi lada da ɗan abin taunawa, sai masu horarwa suka yi ta zaɓar irinsa ba tare da sun san abin da suke zaɓa ba. A 2024 tawagar ta ƙara da cewa masu giɓin nan yunwa tana saurin dawo musu tsakanin ci da ci, sannan ko suna kwance jikinsu yana ƙona ƙarfin abinci ƙasa da na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Ga yawan so, ga ƙarancin buƙata.

Inda nake da ja shi ne yadda ake amfani da wannan labari. Ka ji mutum ya ce ai halittarsu ce, kamar an rufe magana. Na farko, uku cikin huɗu ba su da giɓin, kuma ba a same shi a Golden Retriever ba, alhali shi ma yana tara kitse. Na biyu, ƙwayar gado ba ta buɗe tukunya. Kare ba ya zuwa kasuwa, ba ya auna wa kansa. Abin da binciken ya koya mana shi ne roƙon Labrador ba ma'aunin yunwarsa ba ne, don haka wanda yake jira sai karen ya ture kwano kafin ya ce ya ƙoshi, zai daɗe yana jira.

Akwai kuma abin da masu binciken Ingila da Amurka ba su da shi, mu muke da shi: bazara. Wannan kare ne da aka gina don ruwan ƙanƙara, gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi mai riƙe ɗumi. Kare kuma ba ya gumi a jiki kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Hanyarsa ta fitar da zafi ita ce haki, ya lallago harshe iska ta busar da danshin baki da maƙogwaro. A watan Afrilu a Birnin Kudu ko Dutse ko Kano, zafi yana wuce digiri 40. Ɗora wa irin wannan dabba bargon kitse a ƙarƙashin fata, ka ƙara masa nauyin da zai ɗauka, ka matse ƙirjin da yake haki da shi. Ƙiba tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin bugun zafi ga kare, kuma bugun zafi yana kisa cikin awanni.

To ya za ka gane naka? Kada ka fara da sikeli. Littattafan jinsi a Amurka suna cewa namijin Labrador yana tsakanin kilo 29 zuwa 36, mace 25 zuwa 32. Tazarar kilo bakwai ce fa. Ƙaramar mace mai kilo 31 tana cikin jadawali, amma tana iya kasancewa da ƙiba sosai. Likitocin dabbobi sun fi dogara da ma'aunin yanayin jiki mai maki 1 zuwa 9, inda 1 ƙashi da fata ne, 9 kuma mummunar ƙiba. Ana son kare a 4 ko 5. Kowane maki sama da 5 yana nufin ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya kamata. A binciken Kealy, masu tsawon ran suna tsakanin 4 da 5 ne, 'yan'uwansu kuma tsakanin 6 da 7.

Hannunka ne kayan awon. Shimfiɗa hannun hagu, ka shafa bayan hannun da yatsun dama, daidai inda yatsu suka haɗu da hannu. Kana jin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, da ɗan rufi a kansu. Haka haƙarƙarin kare mai daidaiton jiki yake idan ka shafa gefen ƙirjinsa ba tare da dannawa ba. Yanzu dunƙule hannun ka sake shafawa: ƙasusuwa sun fito tsuru-tsuru, wannan rama ce. Juya hannun ka shafa ta cikin tafi, a gindin yatsu: sai ka danna kafin ka ji ƙashi, wannan ƙiba ce. Daga nan tsaya a kansa yana tsaye ka kalle shi ta sama. Bayan haƙarƙari ya kamata jiki ya ɗan tsuke kafin kwatangwalo. Ka koma gefe ka duƙa: layin ciki ya tashi sama daga ƙirji zuwa cinya. In ya tafi a miƙe ko ya sauko, akwai magana. Ga Golden Retriever musamman, gashi yana ɓoye komai, don haka sai da taɓawa. Wanda ba ya son taɓa kare, ya sa safar hannu ko ya sa mai kula da shi ya yi yana kallo.

Mu koma kan karen mafarauci. Kudancin Jigawa, yankin Fagam da ke kusa da iyakar Bauchi, ƙasa ce ta duwatsu da daji, kuma kamar sauran ƙasar Hausa, da rani bayan an kawar da amfanin gona ake fita farauta da karnuka. Wanda yake bin zomo da gafiya da kurege a tsakanin duwatsu bai taɓa jin sunan Kealy ba, amma ya san kare mai teɓa ba ya kamu, tun kafin rana ta take zai nemi inuwa ya kwanta. Aiki ne ya gyara masa ido. Siffar da yake nema, ƙirji mai zurfi, ƙugu a tsuke, cinya mai tauri, ita ce likita zai ba maki 4. Can arewa ma, a Nijar da Mali, akwai karen Buzaye da ake kira Azawak, wanda hatta littafin jinsinsa ya amince a ga wasu haƙarƙari da ƙashin kwatangwalo a jikin lafiyayyensa. Labrador ba zai kai wannan sirantaka ba, ƙirarsa daban ce, amma ya fi kusa da can fiye da yadda tallar Facebook take nuna maka.

Kada kuma a ɗauka duk karen ƙauye siriri lafiyayye ne. Da yawansu ramammu ne na gaske, kuma dalilin sau da yawa ba ƙarancin abinci kaɗai ba ne: tsutsar ciki, kaska da cututtukan jini da take sawa, ko shayarwa babu ƙarin ci. Bambancin yana tsoka. Siririn kare mai lafiya cinyarsa cike take, gefen ƙashin bayansa akwai nama, gashinsa na sheƙi, idonsa a buɗe. Ramamme kuwa ƙashin baya ya fito kamar carbi, saman kai ya lotsa, cinya ta shanye, dasashi ya yi fari, wani lokaci ga ciki a kumbure. Wannan maganin tsutsa da na kaska yake buƙata da likita, kafin ma a yi zancen kwano.

Idan ka shafa naka ka ji sai da dannawa, kada ka yanke masa abinci rabi dare ɗaya. Abin da likitoci ke nema shi ne ya riƙa sauke kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako. Ga kare mai kilo 40, gram 400 zuwa 800 kenan, aikin watanni ne. Fara da sanin abin da yake ci a zahiri, domin a gidajenmu ba mutum ɗaya ke ciyar da kare ba: mai gadi ya zuba masa ragowar shinkafa da mai, yara su jefa masa ƙashi da kitsen nama, uwar gida ta juye ƙanzo da sauran tuwo, sannan mai gida ya dawo ya auna masa na buhu yana ganin shi kaɗai ya ba shi. A naɗa mutum ɗaya, a auna na yini da gwangwani ɗaya ko ƙaramin sikeli, a raba safe da yamma, duk wani ɗan lada ya fito daga cikin wannan awon. Ragowar miya ma a yi hattara da ita, albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Abin da aka rubuta a bayan buhu kuma mafari ne kawai, karen da aka fiɗiye ko wanda yake wuni a ɗaure buƙatarsa ba ta kai haka ba. Tafiya da asuba ko bayan magariba, ba da tsakar rana ba, in akwai ruwa mai tsabta da zai yi iyo ya fi, tunda ba ya takura gaɓɓai. In an yi wata biyu ana aunawa tsakani da Allah nauyi bai motsa ba, ko karen ya cika kasala gashinsa na zuba, a kai shi asibitin dabbobi a duba jininsa, domin akwai cututtukan sinadaran jiki da ke kawo ƙiba ko da ci bai yi yawa ba.